Zauren Tambaya: Marsandin Gado, Anini da Gudumar Gwanjo

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne ga tsofaffin motoci da kayan da aka gada kaka da kakanni. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun taƙaita wasu saboda wuri.

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar Marsandi 280SL ƙirar 1980, mai ƙofa biyu wadda ake cire rufinta. Shekara 14 ke nan tana gareji ba a tayar da ita ba. Dillalai suna taya ta kamar kayan gwangwan, ni kuwa na ji an ce an sayar da wata tsohuwar Marsandi a Turai a kan miliyoyin Yuro. Me za mu yi kafin rabon gado? — Mai karatu daga Nasarawa GRA

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku haƙuri. Kafin komai, Malam, ka ɓoye makullin. Kada wani ya kawo batir ya ce bari a ji ko za ta tashi, domin a nan ne yawancin irin waɗannan motoci ke lalacewa.

Labarin da ka ji gaskiya ne. A watan Mayun 2022 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da Mercedes 300 SLR Uhlenhaut ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135, a gidan tarihin kamfanin Marsandi da ke Stuttgart ta Jamus. Sai dai guda biyu tak aka taɓa ƙerawa. Taku kuwa 'yar gidan R107 ce, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1971 har 1989, sama da guda 237,000. Masu tara motoci ƙarancin abu suke saye, da tarihinsa a rubuce, da kasancewar kayan jikinsa na asali. Tsufa kaɗai ba ya jawo ko kwabo. Duk da haka 280SL tana da masoya, kuma ta fi ƙarfin a auna ta a sikelin 'yan gwangwan.

A fara da lamba. Lambar shasin 280SL ta wannan zubi tana farawa da 107.042, ta 450SL da 107.044, ta 500SL da 107.046. Tambarin da ke bayan but ana sauya shi, lambar da aka buga a jikin ƙarfe ita ce shaida. Sai a duba lambar injin, a gwada ta da katin bayanai da masana'anta ke haɗawa da kowace mota, wanda ke ɗauke da lambar injin, ta giyabos, da ta launin fenti. A binciki akwatunan marigayi: rasidin saye, takardun kwastam, tsohon lasin, littafin sabis, har hotunan da aka ɗauka da motar. Kada a yar da ko ɗaya.

Motar da ta yi rayuwarta a Kano tana da falala guda a kan ta Turai: ba mu zuba gishiri a titi lokacin sanyi, damina kuma gajera ce, don haka tsatsa ba ta cika cin ƙasanta ba. Amma a duba bangon da ya raba injin da ɗakin mota, a ƙarƙashin fankar hita, nan ne R107 ta fi ruɓewa idan magudanan ruwa sun toshe. A ɗaga kafet, a duba ƙasan but. Abin da ke yi mana ɓarna a nan shi ne rana da ɓera: dashbod ya tsattsage, robobi su bushe, wayoyi su sha haƙori.

Tayar da ita kuwa aikin kwana uku ne zuwa mako. A zubar da tsohon fetur kaf, a wanke tanki, a sauya matatar mai da duk tiyon roba na mai. Fetur ɗin da ya shekara 14 ya zama danƙo, kuma injin nan yana da na'urar raba mai ta Bosch K-Jetronic, wadda siririn ƙarfen da ke cikinta ke maƙalewa da datti kaɗan. Gyaranta ya fi wankin tanki tsada nesa ba kusa ba. A juye baƙin mai a zuba sabo da sabuwar matata. A cire fulogi shidan, a zuba kamar cokali guda na mai a kowace silinda, a bar shi kwana biyu. Sannan a sa sifana a kan fulin ƙasa a juya injin da hannu, zagaye biyu cikakku. In ya ƙi juyawa a tsaya nan. Kada a ja ta da wata mota a saki kuloci ko a tilasta mata da kik, zoben fistin ne zai karye ya kankare silinda. In ya juya, sai a yi kik ba tare da fulogi ba har allurar matsin mai ta motsa, a auna kwamfireshan na kowace silinda. Bambancin da ke tsakaninsu bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. Man birki yana shan danshi, a sauya shi gaba ɗaya tare da tiyon birki. Tayoyin ma, ko zanensu bai goge ba, na tura motar ne cikin gareji kawai.

Bayan haka ne za a yi mata kuɗi, a gaban dukkan magada, kuma da bakin mutum biyu ko uku waɗanda ba su ne masu son saye ba.

Ina da Fijo 504 ta Kaduna. Ina so in sa mata injin Toyota, in yi mata sabon fenti baƙi da manyan tayoyi, sannan in nemi masu sayen tsofaffin motoci. Shin hakan zai ɗaga kuɗinta? — Wani makanike daga Ƙofar Ruwa

Zai sauke shi, Oga. In motar hawa kake so, injin Toyota ba laifi. Amma mai tara motoci da ya buɗe bonet ya ga baƙon inji, sai ya rufe ya yi sallama. Abin da ke ba 504 ta Kaduna daraja shi ne labarinta: masana'antar PAN da ke Kaduna ta fara harhaɗa Fijo a 1975, kuma 504 ce motar gwamnati, ta tasha, ta kai amarya. Wadda za ta yi kuɗi ita ce mai injinta, kafiretonta, kujerunta da launinta na fil azal. Fentin da ya koɗe amma na masana'anta ya fi sabon fenti mai sheƙi da aka fesa a kan tsatsa.

A kasuwannin waje kuwa, 504 da aka fi nema ita ce mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, aka fito da su a 1969. Irin mai ƙofa biyun ce mai injin V6 ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. Ba a harhaɗa su a Kaduna ba, don haka in ka ci karo da ɗaya a wani kango, ka sake duba ta da kyau.

Tun da sana'arka ce, ga gwajin da mai saye zai yi maka: zai naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ya bi jikin mota da shi. Inda ya ƙi kamawa, fanabita ya cika wurin da fila. In kuwa dole ne a sauya wani abu, a ajiye tsohon a kwali, a ba mai saye tare da motar.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ina ganin gwanjon motocin tsere na da ta intanet. Ta yaya mutum zai shiga daga Kano, kuma nawa ake ƙarawa a kan kuɗin da aka buga guduma? — Alhaji daga Fagge

Ranka ya daɗe, shiga ba wuya, fitowa da mota ita ce aiki. Manyan gidajen gwanjo irin su RM Sotheby's da Bonhams suna karɓar tayi ta waya, ta intanet, ko ta rubutaccen tayi da za ka bar musu kafin ranar. Ana yin rajista tun da kwanaki, da fasfo, da shaidar adireshi, da takardar banki mai nuna kana da ƙarfin abin da za ka taya.

Lambobi uku ake rikitawa. Akwai ƙiyasin da ake bugawa a kundin gwanjo, wanda hasashe ne kawai. Akwai farashin ƙasa da mai mota ya gindaya a asirce, wanda in tayi bai kai shi ba, to albarka ke nan, mota ta koma gida. Sai kuɗin guduma, wato tayin ƙarshe. A kan wannan na ƙarshen ake ɗora la'adar mai saye. A gwanjon motoci na RM Sotheby's a Amurka, an saba karɓar kashi 12 cikin 100 a kan Dala 250,000 na farko, kashi 10 a kan abin da ya haura. Ke nan in guduma ta sauka a Dala 40,000, abin biya 44,800 ne. In ta sauka a 300,000, la'ada 30,000 ce da 5,000, jimla 335,000. A Turai kuma akan ɗora harajin VAT a kan la'adar. Kowane gwanjo da nasa sharuɗɗan, a karanta na ranar. Farashin da jaridu ke bugawa galibi har da la'ada a ciki, kamar Dala miliyan 48.4 da aka biya wa Ferrari 250 GTO ƙirar 1962 a Monterey cikin Agustan 2018, ɗaya daga cikin 36 da aka ƙera.

Da guduma ta sauka, ciniki ya faɗa. Ba a fasawa, ba a mayarwa don an ga inji yana hayaƙi, domin yadda take haka aka sayar maka. Kwanaki kaɗan ake bayarwa a biya a ɗauke, daga nan kuɗin ajiya ya fara hawa kullum. Shi ya sa mai hankali yake biyan ƙwararren da ba ruwansa da gidan gwanjon ya je ya shiga ƙarƙashin motar, ya auna kaurin fenti, ya gwada lambobi. Ka kuma lura da lafazin kundin. "An ce ta taɓa zama ta wane" daban yake da "ga takardar da ke nuna ta wane ce".

Babban shingen yana tashar jirgin ruwa. Jerin haramtattun kaya na Hukumar Kwastam ya hana shigo da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa. A da 15 ne aka rage. Motar 1970 ko 1985 ta faɗa ciki tsundum. Sannan Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, don haka motocin Ingila da Japan masu sitiyari a dama suna da tasu matsalar wajen rajista, juya sitiyarin kuma yana kashe darajar motar. Kada ka ɗaga hannu a gwanjo sai kana riƙe da amsar Kwastam a rubuce a kan wannan motar takamaimai. Wanda ya ce maka "a kawo kawai, za mu san yadda za a yi", ba kuɗinsa ne zai kwana a tasha ba. A ganinmu, mai wannan sha'awa a Kano gara ya fara leƙa garejojin tsofaffin gidaje a Bompai da Nasarawa, inda motocin suka riga suka shigo da takardunsu.

Malamai, shin gwanjo ya halatta? Na ji hadisin da ya hana mutum yin tayi a kan tayin ɗan'uwansa. — Ɗalibi daga Gwale

Jumhurin malamai sun halatta shi, sunansa a fiƙihu bai'ul muzayada. Suna kafa hujja da hadisin Anas da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya sa wata shimfiɗa da ƙoƙo a kasuwa, wani ya taya dirhami ɗaya, ya tambayi wa zai ƙara, wani ya ba da biyu aka sallama masa. Hanin da ka ji yana kan cinikin da mai kaya ya riga ya karkata ga sallamawa, sai wani ya shigo ya ɓata. A gwanjo kuwa ƙofa a buɗe take har guduma ta sauka.

Abin da aka hana ƙarara, a Buhari da Muslim, shi ne najashi: mutum ya riƙa ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, sai don ya ingiza wani. Kishiyarsa ma zalunci ce, wato masu tayi su haɗa baki su yi shiru kaya ya faɗi da arha, su koma gefe su raba. Ka kuma sani cewa a sharuɗɗan gidajen gwanjo da yawa na Turai da Amurka, mai guduma yana da damar yin tayi a madadin mai kaya har a kai farashin ƙasa. Ba kowane hannu da ya nuna a bayan zaure ne na mutum ba. Maganin wannan shi ne ka rubuta iyakarka a takarda tun kafin a fara.

An turo mini saƙo ta WhatsApp cewa Kwastam na gwanjon motoci, in tura kuɗin fom a ware mini ɗaya. — Daga Hotoro

Damfara ce. Gwanjon Kwastam na gaskiya ta shafin hukumar na intanet ake yin sa, da rajista da lambar biyan haraji ta TIN, kuma tayi ake yi, ba a ware wa kowa mota. Ba a biyan kuɗin gwamnati a asusun wani mutum. Goge saƙon.

Na gaji kwalla cike da tsofaffin kuɗi masu huda a tsakiya daga kakata, da manyan azurfa guda huɗu masu hoton wata mata da shekarar 1780, da keken ɗinki Singer. Wani ya ce akwai jan makuri a cikin keken, zai kawo mai saye in na biya kuɗin gwaji. — Hajiya daga Yakasai

Hajiya, mu fara da keken don kada kuɗinki ya tafi. Babu wani abu wai shi jan makuri a cikin keken Singer, ko dutsen guga, ko tsohuwar rediyo. Wannan jita-jita ta tashi ƙura a Saudiyya a 2009, har mutane suka riƙa sayen kekuna da tsada, aka tashi a tutar babu. Dabarar guda ce a ko'ina: wani ya taya da kuɗin da zai ruɗe ki, wani ya karɓi na gwaji, su biyun su ɓace. Singer ta ƙera kekuna miliyoyi, da yawa daga cikin na ƙasar nan daga masana'antarta ta Clydebank a Sikotlan, wadda aka rufe a 1980. Lambar da ke jikin gindin keken tana nuna shekarar ƙira. In yana ɗinki, darajarsa ta keke mai ɗinki ce.

Masu hudan nan su ne anini, ɗari (rabin kwabo) da kwabo na zamanin Turawa. An fara buga anini a 1907 da gorar ruwa, daga baya aka koma garwin tagulla da nikel, kuma goma ne ke yin kwabo. An buga su da yawan gaske, don haka mafi yawansu ba su da tsada, har waɗanda ke ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas na 1936, wanda ya sauka daga sarauta a shekarar. Abin da ke bambanta ɗaya da ɗaya shi ne shekara, da ɗan harafin masana'anta, H ko KN, da kuma rashin gogewa. Saboda haka kada ki wanke su da toka, tsamiya ko lemun tsami. Kwabon da aka goge ya yi ƙyalli ya zubar da yawancin kuɗinsa a idon masu tarawa. Ki ware su shekara-shekara a ƙananan ambulan na takarda.

Azurfar kuwa dalar Maria Theresa ce ta Ostiriya. Matar ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara har zuwa zamaninmu, don haka lambar ba ta nuna tsufa. Ta gaske tana da nauyin giram 28, kashi 83 cikin 100 azurfa, wato kimanin giram 23 na tsantsa, maganaɗisu kuma ba ya kama ta. Ki sa a auna a gabanki a wurin maƙeran farfaru, ki lissafa da farashin azurfa na ranar. Ƙasa da haka kada ki sallama.

Wani ya kawo mini kan mutum-mutumi na yumɓu, ya ce a gona aka tono shi, kuma Turawa na saye da tsada a gwanjo. Ni kuma ina da tsohon Alƙur'ani rubutun hannu na kakanmu a gafakarsa. Zan iya fitar da su waje? — Mai shago a Kasuwar Kurmi

Alhaji, kan yumɓun nan ka mayar wa mai shi, ka ba shi shawara ya kai Gidan Makama. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta ɗauki aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918, da abin da aka tono na mutanen da, a matsayin kayan tarihi. Ba mai sayen irinsu sai wakilin da hukuma ta amince da shi, ba a sayar wa kowa sai shi, ba a kuma fitar da su ƙasar waje sai da izininta a rubuce. Gumakan yumɓu na Nok, da na yankin Sakkwato da Katsina, suna cikin jan jerin da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta fitar a 2000 don jami'an kwastam na ƙasashe su gane su. Manyan gidajen gwanjo kuma yanzu suna neman shaidar cewa abu ya bar ƙasarsa kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi ta haramtacciyar hanya, ko ya fita da izini. Abin da aka tono bara ba shi da wannan shaida, sai kasuwar bayan fage, inda mai tonowa da mai shago ke ɗaukar haɗari wani ya kwashe riba. Ga jabu kuma ya yi yawa: ana haɗa ɓaraguzan tsofaffin gumaka daban-daban da sabon yumɓu, a shafe da jar ƙasa, ta yadda ko gwajin tsufan yumɓu aka yi a kan tsohon gutsuren zai ba da shekaru masu yawa. Haka hauren giwa: an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1990, don haka takobi ko sanda mai kan haure tana iya maƙalewa a filin jirgi.

Alƙur'anin kakanku ma in ya girmi 1918 dokar ta hau kansa wajen fitarwa, ko da yake ba mai ƙwace muku shi a gida. Don ka san kimanin shekarunsa, ɗaga warƙa guda ka haska ta a rana. In ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, ta arewacin Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara, irin wadda malaman Kano suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19. Duba kuma warƙar ƙarshe, inda marubuci kan sa sunansa da ranar kammalawa.

Kada a sa masa salatif, kada a kai shi a yi masa leda mai zafi, kada a ɗinke warƙoƙin, domin a warware aka saba barin su tsakanin allunan fata biyu. Kada a sa shi a jakar leda, gumi ne ke kawo fumfuna. A ajiye shi a kwance, nesa da bango saboda gara, a ɗakin da rana ba ta bugunsa, a riƙa dubawa a farkon damina da ƙarshenta. Kafin a taɓa tsarin warƙoƙin, a ɗauki hoton kowace fuska a jere yadda aka same su, don in iska ta watsa su a iya mayarwa. Ma'aikatan Gidan Makama da na Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa za su iya duba muku shi, ku kuma nemi a ba ku takardar abin da suka gani.